Isabella Bird

Isabella Lucy Bird (15 ga Oktoba, 1831 – 7 ga Oktoba, 1904), wadda bayan aurenta aka sani da Isabella Bishop, matafiya ce kuma marubuciya 'yar ƙasar Birtaniya. Ta yi suna ne saboda littattafan da ta rubuta a kan tafiye-tafiyen da ta yi zuwa Amurka, Hawai, Japan, Malaya, Kashmir, Farisa, Koriya da ƙasar Sin. Yawancin waɗannan tafiye-tafiye ta yi su ne a kan doki ko alfadari, ba miji ba ɗan'uwa, sai tafinta da masu ɗaukar kaya da takan ɗauka haya a hanya. A shekarar 1892 ta shiga sahun mata na farko da Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Masarautar Birtaniya ta karɓa a matsayin mambobi.

Mace ce gajeriya, tsawonta bai kai ƙafa biyar ba, kuma ta yi fama da ciwon baya tun tana yarinya har ta rasu. A gida takan kwanta jinya wata da watanni, amma da zarar ta kama hanya sai a ga tana wuni a kan sirdi cikin ruwan sama ko dusar ƙanƙara. Littattafanta na farko sun samo asali ne daga wasiƙun da take aika wa ƙanwarta Henrietta. Masana tarihi suna amfani da su har yau, domin ta ga wurare da yawa dab da lokacin da za su sauya kama.

Asali da ƙuruciya

An haifi Isabella Bird a garin Boroughbridge da ke yankin Yorkshire a arewacin Ingila. Mahaifinta, Edward Bird, ya fara aikin lauya a birnin Kalkata na Indiya kafin ya dawo gida ya zama limamin cocin Ingila. Mahaifiyarta ita ce Dora Lawson. Gidansu gidan addini ne, kuma suna da dangantaka da William Wilberforce, ɗan majalisar da ya yi fice wajen yaƙi da cinikin bayi.

Aikin mahaifinta ya sa iyalin suka yi ta ƙaura. Sun zauna a Maidenhead, suka koma Tattenhall a yankin Cheshire a 1834, shekarar da aka haifi Henrietta, sannan Birmingham a 1842, daga baya kuma Wyton a 1848. Edward Bird ya tsananta wajen hana mutane aiki da ciniki ranar Lahadi, abin da ya jawo masa baƙin jini a Tattenhall da Birmingham.

Isabella ba ta je makaranta ba, iyayenta ne suka koyar da ita a gida. Da yake likitoci sun ba da shawarar ta riƙa shan iska a waje, mahaifinta yakan hau doki da ita idan zai zaga unguwannin da ke ƙarƙashin cocinsa, yana tambayarta abin da ta gani na shuke-shuke da gonaki da dabbobi. A nan ta koyi hawan doki da kuma lura da abu dalla-dalla, abubuwa biyu da suka zame mata jari daga baya. A 1850 aka yi mata tiyata aka cire mata ƙari a kusa da ƙashin bayanta. Ciwon bai rabu da ita gaba ɗaya ba, ga kuma rashin barci da ciwon kai.

Tafiya ta farko

A 1854 likita ya ba da shawarar ta yi doguwar tafiya ta jirgin ruwa. Mahaifinta ya ba ta fam 100, ya ce ta zauna har kuɗin su ƙare. Ta bi wasu danginta zuwa gabashin Kanada, daga can ta zaga biranen Kanada da Amurka na tsawon watanni. Labarin tafiyar ya fito a 1856 a littafi mai suna The Englishwoman in America, wato Baturiyar Ingila a Amurka, ba tare da sunanta a jikinsa ba. Kamfanin John Murray na Landan ne ya buga shi, kuma shi ya ci gaba da buga mafi yawan littattafanta har ƙarshen rayuwarta.

Ta sake komawa Amurka don ta tattaro bayani a kan harkokin addini a can, aikin da ya fito a littafi a 1859. Mahaifinta ya rasu a 1858, sai ita da mahaifiyarta da Henrietta suka koma Edinburgh, babban birnin Sikotlan. A shekarun da suka biyo baya ta yi rubuce-rubuce a mujallu, ta taimaka wa talakawan tsibiran yammacin Sikotlan, har da masu son yin ƙaura zuwa Kanada, ta kuma wallafa ɗan littafi a 1869 a kan ƙuncin da ake ciki a tsofaffin unguwannin Edinburgh. Mahaifiyarta ta rasu a 1866. Zaman gida bai karɓe ta ba, jikinta ya yi ta rauni, ranta kuma a ɓace.

Hawai da Duwatsun Rocky

A 1872, tana da shekara 40, ta sake fita don neman lafiya. Ta je Ostareliya da New Zealand, amma zafi da ƙura suka dame ta. A watan Janairun 1873 jirgin da ta shiga ya tsaya a Honolulu, sai ta sauka, ta yi wata shida a tsibiran Hawai.

A nan ne rayuwarta ta juya. A Ingila ta wancan zamani mace mai mutunci takan hau doki ne a karkace, ƙafafunta biyu a gefe guda, kuma wannan zama yana tayar mata da ciwon baya. A Hawai ta ga mata suna hawa kamar maza, ƙafa ɗaya a kowane gefe. Ta gwada, ta ji sauƙi, ta ɗinka wa kanta wando mai faɗi da siket a kansa. Ta ziyarci ramin dutsen Kilauea mai aman wuta, ta hau Mauna Kea, sannan ta hau Mauna Loa mai tsawon sama da mita 4,100, ta kwana a bakin raminsa yana cikin aman wuta. Wasiƙun wannan tafiya su ne suka zama The Hawaiian Archipelago, wato Tsibiran Hawai, a 1875.

Daga Hawai ta wuce San Francisco, ta shiga jirgin ƙasa zuwa Colorado, wanda a lokacin bai zama jiha ba tukuna. A kaka da farkon hunturun 1873 ta yi tafiyar sama da mil 800 a kan doki a Duwatsun Rocky, akasari ita kaɗai a kan wata goɗiya da ta raɗa wa suna Birdie. Takan kwana a bukkokin sababbin mazauna yankin, ta taya su wanke-wanke da girki da kora shanu. A kwarin Estes Park ta haɗu da wani mafarauci mai ido ɗaya, Jim Nugent, wanda ya shahara da shan giya da rigima, amma mai ladabi a gabanta, mai son waƙoƙin Turanci. Shi ya taimaka mata ta hau ƙololuwar Longs Peak, mai tsawon kusan mita 4,350, kuma ba ta ɓoye ba cewa a wasu wurare jan ta ya yi. Shaƙuwa ta shiga tsakaninsu, amma ta ga ba mutumin da za a aura ba ne, ta bar Colorado a watan Disamba. A 1874 wani maƙwabcinsa, Griff Evans, ya harbe shi, ya mutu bayan 'yan watanni.

Wasiƙun sun fara fitowa a mujallar The Leisure Hour a 1878, sannan aka haɗa su a 1879 a littafin A Lady's Life in the Rocky Mountains, wato Rayuwar Wata Mace a Duwatsun Rocky. Shi ne littafinta da aka fi karantawa. Wani mai sharhi a jaridar The Times ya rubuta cewa kayan maza take sawa. Maganar ta ɓata mata rai ƙwarai, domin a lokacin irin wannan zargi yana iya zubar wa mace mutunci, don haka a bugu na gaba ta sa aka ƙara zanen tufafinta da bayaninsu.

Japan

Ta isa Yokohama a watan Mayun 1878, shekara goma bayan juyin mulkin da ya mayar da iko hannun Sarki Meiji. A lokacin baƙi ba su da izinin wuce kimanin kilomita 40 daga tashoshin jiragen ruwan da aka buɗe musu, sai da takarda ta musamman. Jakadan Birtaniya, Harry Parkes, ya samo mata takardar da ta ba ta damar ratsa arewacin ƙasar. Ta ɗauki wani saurayi mai suna Ito Tsurukichi a matsayin tafinta, mai dafa abinci kuma mai shirya masauki.

Sun tashi daga Tokyo a watan Yuni, suka bi ta Nikko, suka ratsa duwatsu zuwa Niigata, daga nan suka nufi arewa ta Yamagata da Akita har Aomori, suka haye teku zuwa Hakodate a tsibirin Hokkaido a watan Agusta. Damina ce, hanyoyi sun lalace, gadoji sun karye. Ta bayyana ƙuma da sauro a masaukai, cututtukan fata da na ido a ƙauyuka, da yadda jama'a kan taru don kallon Baturiyar da ba su taɓa ganin irinta ba. Ta kuma yaba gaskiyar mutane, son da suke yi wa 'ya'yansu, da yadda mace za ta yi wannan doguwar tafiya ba wanda ya ci zarafinta ko ya cuce ta.

A Hokkaido ta zauna kwanaki kaɗan a ƙauyen Biratori a gidan shugaban al'ummar Ainu, mutanen da suke da harshe da al'adu dabam da na Japanawa. Ta rubuta yadda suke gini da saƙa da ibada, ta kuma tattara jerin kalmomin harshensu ta sa a ƙarshen littafin. Harshen Ainu yau yana dab da ɓacewa, shi ya sa ake daraja irin waɗannan bayanai na farko. Littafin, Unbeaten Tracks in Japan, wato Hanyoyin da Ba a Saba Bi ba a Japan, ya fito a juzu'i biyu a 1880, aka kuma taƙaita shi zuwa juzu'i ɗaya a 1885.

Malaya

A hanyarta ta komawa gida ta tsaya a Hong Kong, Canton, Saigon da Singafo. A farkon 1879 ta yi makonni a zirin Malaya, ta ziyarci Malacca, sannan Sungei Ujong, Selangor da Perak, ƙasashe uku na sarakunan Musulmi waɗanda Birtaniya ta fara naɗa wa razdan 'yan shekaru kafin zuwanta. Ta hau giwa, ta bi koguna cikin kurmi, ta sauka a gidan Hugh Low, razdan na Perak. Littafin ya fito a 1883 da sunan The Golden Chersonese and the Way Thither. Kalmar Chersonese daga Girkanci take, tana nufin zirin ƙasa da ruwa ya kusa kewayewa, kuma Zirin Zinariya shi ne sunan da masanin nan Ptolemy ya kira yankin da shi. A 1885 Emily Innes, matar wani jami'in mulkin mallaka da ta yi shekaru a can, ta fitar da nata littafin don nuna cewa baƙuwar mako biyar ba ta ga wahalar zaman wurin ba.

Rasuwar Henrietta da aure

Henrietta ta rasu a 1880 a garin Tobermory da ke tsibirin Mull, bayan ta yi fama da zazzaɓin taifot. Ita ce mai karɓar wasiƙun Isabella, mai adana su, mai karanta wa abokan arziki. Rashinta ya girgiza Isabella, ya kuma sauya salon rubutunta. Littattafan da suka biyo baya sun fi cika da alƙaluma da bayanin kasuwanci da siyasa, hira da raha sun ragu a cikinsu.

A 1881 ta auri John Bishop, likita a Edinburgh wanda ya yi jinyar Henrietta, kuma ta girme shi da shekara goma. Ba a daɗe ba ya kamu da ciwo a wurin aikin tiyata, lafiyarsa ta yi ta ja baya. Ta yi jinyarsa har ya rasu a 1886 a birnin Cannes na Faransa. Ba su haihu ba. Bayan rasuwarsa ta koyi aikin jinya a wani asibiti a Landan, ta ƙudura cewa za ta kafa asibitoci don tunawa da mamatanta.

Kashmir, Ladakh, Farisa da Kurdistan

A 1889 ta tafi Indiya. Ta ba da kuɗin kafa asibiti da sunan mijinta a Srinagar ta Kashmir, da wani da sunan Henrietta a yankin Punjab. Daga Kashmir ta hau duwatsu zuwa Ladakh, yankin mabiya addinin Buddha da ke iyaka da Tibet. A wajen haye kogin Shyok dokinta ya faɗi cikin ruwa, ta karye a haƙarƙari, amma ta ci gaba da tafiya. Ta ba da labarin a ɗan littafin Among the Tibetans, wato A Cikin Mutanen Tibet, wanda ya fito a 1894.

A watan Janairun 1890 ta tashi daga Bagadaza zuwa Tehran tare da Manjo Herbert Sawyer, hafsan sojan Birtaniya na Indiya da aka tura ya auno yankin a asirce. Sun ratsa duwatsun Zagros a tsakiyar hunturu, cikin guguwar dusar ƙanƙara wadda ta kashe mutane da dabbobi a wasu ayarin. Ta isa Tehran a ƙarshen Fabrairu ta rame ƙwarai. Da bazara ta sake bin Sawyer zuwa ƙasar makiyayan Bakhtiari a kudu maso yammacin Farisa, inda ta riƙa ba marasa lafiya magani a bakin tantinta, ta kuma taya shi aikin awo. A littafinta ba ta ambaci cikakken sunansa ba, ba ta kuma faɗi ainihin abin da ya kai shi ba.

Bayan sun rabu a watan Agusta, ta ja nata ƙaramin ayari ta Hamadan da Urmiya, ta shiga gabashin Daular Usmaniyya ta Van da Bitlis da Erzurum, ta isa Trebizond a gaɓar Bahar Aswad a watan Disamba. A hanya ta ga yadda wasu ƙabilun Kurdawa suke kai wa ƙauyukan Armeniyawa da Assuriyawa hari, hukuma ba ta tsawata musu. Da ta koma Landan ta rubuta maƙaloli a kan lamarin, ta tattauna da William Gladstone, ta kuma yi wa 'yan majalisa bayani a 1891. A shekarar ne Journeys in Persia and Kurdistan, wato Tafiye-tafiye a Farisa da Kurdistan, ya fito a juzu'i biyu.

Rigimar shigar mata ƙungiyar masana

A 1890 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Sikotlan ta karrama ta da kujerar girmamawa. Takwararta ta Landan kuwa ba ta karɓar mata. Da ta gayyaci Bird ta yi lacca, sai ta ƙi, bisa hujjar cewa ba za ta yi jawabi ga ƙungiyar da ba za ta karɓe ta ba. A ƙarshen 1892 shugabannin ƙungiyar suka buɗe ƙofa, aka karɓi mata 22 a tsakanin 1892 da 1893, Bird tana cikin rukunin farko. Wasu mambobi suka tayar da ƙura, ciki har da George Curzon, wanda ya rubuta wa The Times cewa mata ba su dace da aikin binciken ƙasa ba. A 1893 aka kaɗa ƙuri'a aka sake rufe ƙofar, amma aka bar waɗanda suka riga suka shiga. Ba a sake karɓar mata ba sai 1913, lokacin da Curzon ɗin ne shugaban ƙungiyar. Bird ta gabatar da lacca a gabanta a 1897 a kan yammacin lardin Sichuan.

Koriya da ƙasar Sin

Kafin ta sake fita ta koyi ɗaukar hoto da wanke shi. Daga 1894 zuwa 1897 tana Gabas Mai Nisa, inda ta shiga Koriya sau huɗu. A zuwan farko ta yi makonni a cikin ƙaramin kwalekwale a kogin Han, ta ziyarci gidajen ibadar Buddha a Duwatsun Lu'ulu'u. A watan Yunin 1894, da yaƙi ya ƙarato tsakanin Sin da Japan a kan Koriya, ƙaramin jakadan Birtaniya ya sa ta bar ƙasar ba shiri. Ta wuce Manchuria, ta tarar da ambaliya, ta kuma karye a hannu da keken doki ya kife da ita a kusa da Mukden.

Da farko Koriya ba ta burge ta ba, ta ɗauki mutanenta a matsayin ragwaye. Sai ta ziyarci 'yan Koriya da suka yi ƙaura zuwa yankin Rasha kusa da Vladivostok, ta same su da gonaki masu kyau da wadata. Wannan ya sa ta sauya ra'ayi, ta rubuta cewa zaluncin jami'ai masu ƙwace abin da talaka ya tara shi ne ya kashe wa manoman Koriya zuciya. A farkon 1895 ta gana da Sarki Gojong da Sarauniya Min a fada. A watan Oktoban shekarar wasu mutane ƙarƙashin jagorancin jami'an Japan suka kutsa fada suka kashe sarauniyar. Littafin Korea and Her Neighbours, wato Koriya da Maƙwabtanta, ya ƙunshi bayanin waɗannan shekaru, kuma yana cikin littattafan Turawa da aka fi komawa gare su a kan ƙarshen daular Joseon.

A watan Janairun 1896, tana da shekara 64, ta tashi daga Shanghai ta bi kogin Yangtze. A mashigan da ruwa ke gudu da ƙarfi, mutane ne suke jan jirgi da igiya daga gaɓa, kuma ta bayyana wahalar aikinsu da ƙarancin ladansu. Daga Wanxian ta bar kogi ta ratsa Sichuan a kan buɗaɗɗiyar kujera da mutane ke ɗauka a kafaɗa. Lokaci ne na ƙyamar baƙi. A garin Liangshan taron jama'a ya kewaye masaukinta yana neman fasa ƙofa har sai da sojoji suka zo, a wani gari kuma aka jefe ta da dutse a kai ta suma. Duk da haka ta wuce filin Chengdu ta hau duwatsun iyakar Tibet har Somo. The Yangtze Valley and Beyond, wato Kwarin Yangtze da Gaba da Shi, ya fito a 1899 da hotunan da ta ɗauka da hannunta, waɗanda takan wanke da ruwan kogi cikin dare. A 1897 ta zama mamba a ƙungiyar masu ɗaukar hoto ta Masarautar Birtaniya.

Tafiya ta ƙarshe da rasuwa

A 1901 ta je Maroko, ta yi watanni tana yawo a kan doki, ta shiga Duwatsun Atlas, ta kuma gana da Sarki Abdul'aziz a Marrakesh. Dokin da take hawa dogo ne, sai da ɗan tsani take kaiwa ga sirdi. Ba ta rubuta littafi a kan wannan tafiya ba.

Ta kwanta rashin lafiya a 1903 tana cikin shirin komawa ƙasar Sin. Ta rasu a Edinburgh ranar 7 ga Oktoba, 1904, saura kwana takwas ta cika shekara 73. An binne ta a maƙabartar Dean da ke birnin, kusa da danginta.

Salon rubutunta da sukar da ake yi mata

Ƙarfin littattafan Bird yana cikin ƙananan bayanai. Takan faɗi farashin abinci da kuɗin hayar doki, nisan zango, irin amfanin gona, yadda ake gina ɗaki da abin da ta ci da dare. Ta fi ba talakawan hanya muhimmanci a kan manyan gine-gine, kuma kasancewarta mace ya ba ta damar shiga ɓangaren mata a gidajen Farisa da Koriya da Sin, inda matafiya maza ba sa shiga.

Akwai kuma abubuwan da masana ke jan hankali a kansu. Na farko, ba ta jin harsunan ƙasashen Asiya da ta ratsa, don haka abin da ta ji daga bakin mutane ya biyo ta hannun tafintoci ne irin su Ito a Japan da Mirza Yusuf a Farisa. Kalmar kaɗaici da ake yawan jingina wa tafiyarta tana nufin rashin abokin tafiya Bature ne, amma kusan kullum tana tare da 'yan ƙasa da suka san hanya. Na biyu, ta yi rubutu da idon 'yar daular Birtaniya. Ta kira wasu al'ummu, har da Ainu da ta yaba wa halinsu, da sunaye na ƙasƙanci, ta kuma yi kakkausan hukunci a kan Musulunci da addinin Buddha da sauran addinai, musamman a shekarunta na ƙarshe da ta zama mai goyon bayan 'yan mishan. Na uku, wasiƙun da ke cikin littattafan ba su ne ainihin waɗanda ta aika ba. Da Kay Chubbuck ta wallafa ragowar wasiƙun na asali a 2002, an ga cewa Bird takan gyara su, ta ƙara bayanai daga karatunta, ta cire abin da ya shafi sirrinta.

Game da ciwonta, marubuta tarihinta sun bambanta. Wasu suna ganin ciwon jiki ne zalla wanda iska da motsa jiki ke sauƙaƙawa. Wasu kuma suna ganin ƙuncin rayuwar da aka tsara wa mace mai matsayinta a Ingila yana da hannu a ciki, kuma shawarar likita ita ce hujjar da jama'a za su karɓa idan mace marar aure ta ce za ta fita duniya.

Tunawa da ita

Ƙawarta Anna Stoddart ta wallafa tarihin rayuwarta a 1906, Pat Barr ta fitar da wani a 1970. A Tobermory akwai hasumiyar agogo da aka gina a 1905 da kuɗin da ta bayar don tunawa da Henrietta. Marubuciyar wasan kwaikwayo Caryl Churchill ta sa ta cikin taurarin wasanta Top Girls na 1982, kuma a 1985 aka sa sunanta a jerin fitattun matan jihar Colorado. A Japan an fassara littafinta na 1880, an kuma buga wani labarin zane na Taiga Sassa da aka gina a kan tafiyarta da Ito. Asibitin da ta kafa da sunan mijinta ya koma garin Anantnag na Kashmir.

Manyan littattafanta

The Englishwoman in America, 1856
The Hawaiian Archipelago, 1875
A Lady's Life in the Rocky Mountains, 1879
Unbeaten Tracks in Japan, 1880
The Golden Chersonese and the Way Thither, 1883
Journeys in Persia and Kurdistan, 1891
Among the Tibetans, 1894
Korea and Her Neighbours, 1898
The Yangtze Valley and Beyond, 1899
Chinese Pictures, 1900